Wuƙar Hannun Hagu

New Bell, Duwala
Laraba, bayan azahar

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ka Ngaundere lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya haɗa ka da abokan tafiya masu tsoronsa.

Za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ɗakinsa ke kallon naka, taku biyar tsakani. Ni ma na yi wa kaina mamaki. Amma shekara biyu ke nan ba abin da ke haɗa ni da kai sai "ina kwana, Baba" da "lafiya lau", kuma na san halina. In na zaunar da kai don in yi magana, kafin in kai rabi na fara faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana jiran in gama. Shi ya sa na zaɓi takarda. Innarka za ta ba ka ita yau da yamma tare da wani ƙunshi. Kada ka kwance ƙunshin sai ka gama karantawa, kuma in za ka kwance ka bi a hankali, akwai kaifi a ciki.

Abu ɗaya nake so, gara in faɗe shi tun farko kada surutun tsufa ya binne shi. Ba na son ka hau jirgin ƙasan gobe kana ɗauke da maganar da na faɗa maka a rumfa.

Ka san ranar da nake nufi. Lokacin an riga an zaftare albashin ma'aikata, kowa ka taɓa sai ya ce maka la crise, wato matsin tattalin arziki. Mutanen da a da suke zuwa in auna musu ƙafa sun koma tonon takalman gwanjo a kasuwa, mu dukawan New Bell muka koma masu faci, yau ɗinke maɗauri, gobe manna dunduniya. Ana cikin haka sai ga wata madam, malamar makaranta daga unguwar Village, tana son jakar hannu ta fatar gaske saboda 'yarta da ta ci jarrabawa. Ƙirgi ɗaya tak ya rage mini mai kyau, na naɗe shi da takarda na rataye a sama don kada danshin garin nan ya sa masa fumfuna. Na sauke shi, na zana, na miƙa maka wuƙa, na juya ina nuna wa matar zare. Da na waiwayo, yankan ya bar layi a wajen lanƙwasa, bakin fatar kuma ya ci ciki ta ƙasa, irin yadda ka saba yi.

Abin da na ce ban manta ko kalma ɗaya ba. Na ce, "Kai dai hannunka ba albarka. Ko jaki na zaunar a nan shekara tara da ya iya." Matar tana nan, maƙwabtan rumfa suna ji. Har ita baƙuwar ta shiga ba ni haƙuri, tana cewa, "Ça va, papa, ƙyale yaro." Kai kuwa ka ajiye wuƙar a kan katako a hankali, ka ce, "To, Baba." Mako bai zagayo ba na gan ka a kan bensikin, mashin ɗin hayan nan, ka ɗauko wata mata da kwandon kifi za ka kai ta unguwar Kassalafam. Tun daga nan ba ka sake taɓa fata ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, ɗana, shi ne: duk wanda Allah ya sa a ƙarƙashinka, ko yaron aiki ne ko ɗanka na cikinka, in ya yi kuskure ka jira baƙo ya tafi tukuna. Fatar da ta ɓaci na yanka ta na yi alabe huɗu, duk na sayar, matar ma ta karɓi wata jakar daga baya. Maganar ce na rasa yadda zan yi da ita. Kuma kalmar albarka ba abin wasan uba ba ce. Ni da ya kamata in sa maka ita, ni na buɗe baki na ce babu.

Bari in koma baya, don kuskuren ya girmi wannan rana. Kai bahago aka haife ka. Tun kana rarrafe, duk abin da aka miƙa maka da hagu kake karɓa. Kakanka, wanda ya zo garin nan daga ƙasar Kano da wuƙarsa da basillarsa a cikin buhu, bai yarda da hagu a wurin sana'a ba. Yakan ce hannun tsarki ba ya yanka abin da mutum zai rataya a wuyansa. Haka na ji, haka na riƙe, ban taɓa tambayar kowa ba. Da na zaunar da kai a rumfa, duk sanda na ga wuƙa a hagunka sai in buge bayan hannun da ƙotar basilla. Ka koyi yi mini wayo: in ina kallo ka riƙe da dama, in na juya ka mayar hagu. Ina sane, ina ganinka a madubin wanzamin da ke gefenmu. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne ko da wane hannu ka yanka, a karkace yake fitowa. Sai na ce ai ga shi nan, ba batun hannu ba ne, rashin mai da hankali ne.

Kwanan baya na tambayi limamin masallacinmu, bayan shekara ashirin da ya kamata in tambaya. Ya ce ci da sha da gaisuwa da miƙa wa mutum abu, waɗannan da dama ake so. Aikin hannu kuwa, kowa ya yi da wanda Allah ya ƙarfafa masa. Bai ɗauke shi minti biyu ba. Na fito masallaci ina jin kunya kamar wanda zanensa ya kwance a kasuwa. Don haka abin da ka gada wurina, ko wurin kawunka Iro da za ka zauna hannunsa, ka riƙe shi da mutunci, amma in ya shafi cutar da wani ka tambayi masu sani. Kakanka mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ba malami ba ne, baduku ne kamar ni.

Yanzu ga yadda idona ya buɗe. Ka tuna farkon daminar bana, ranar da kwatar layinmu ta cika ta shafe hanya, na zame na faɗi a kan hannun dama. Kai ka ɗauke ni a mashin zuwa wurin mai ɗori, ba ka ce mini uffan ba sai "riƙe ni da kyau, Baba". Wata guda hannun yana naɗe. Gida kuwa ba ya jiran hannu ya warke. Wata safiya wani ɗan dako ya kawo takalmi maɗaurinsa ya tsinke, na ce wannan ai ko da hagu na yi. Na danne fata da gwiwar hannu, na ɗauki wuƙar kakanka da hagu, na tura. Ta tafi daidai kamar taku uku na tururuwa, sai ta kauce. Na juya fatar na duba bakinta. Sama yana kusa da layi, ƙasa ya ci ciki. Habibu, na san wannan yankan kamar yadda na san muryarka. Shekara tara ina zaginsa.

Duk da haka ban yarda nan take ba, ka san ubanka. Na ce hannuna na hagu ne bai saba ba, ko kuma wuƙar ta dakushe. Na ɗauke ta na tafi Kassalafam wurin Bukar maƙeri, babarbaren nan mai guntun gemu da nake kai wa gyaran kayan aiki tun kafin a haife ka. Shi hannuwansa biyu duk suna aiki, ƙira ta koya masa haka. Ya jujjuya wuƙar, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya ce, "Sale, wuƙa nan ba shi da laifi. Me ka ce ya yi?"

Na ce tana kaucewa.

Ya ce, "Da wane hannu?"

Na ɗaga masa hagu, tun da dama tana naɗe.

Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan uwar maƙera. Ya ce, "Mon frère, shekara arba'in kana ci da wuƙa nan ba ka san na dama ne ba?"

Sai ya nuna mini abin da kullum yake gaban idona. Ka san siffarta, kamar wata ɗan kwana bakwai, da ƙaho biyu. To, fuska ɗaya a shafe take sumul, ɗayar ce kaɗai aka zaftare ta gangara zuwa kaifi. In tana hannun dama, shafaffiyar fuskar ita ke bin layi, mai gangaren kuma tana ture ragowar fata waje. In ta koma hagu, gangaren ne ke kan layi, sai ya riƙa tura wuƙar cikin aikin. Na ce to ai sai a juya ta. Ya ce juya mana. Na juya, sai dogon ƙahon da ake shiga lanƙwasa da shi ya koma baya, guntun ya dawo gaba, ramin babban yatsa da ke jikin ƙota ya koma ƙasa. Ba yadda bahago zai riƙe ta ta yi masa biyayya. Ya ɗauki guntun fata ya yanka da dama, ya fito santal. Ya yanka da hagu, shi da hannunsa ya ƙware, ya fito irin naka.

A nan na gane halin da na saka ka. In ina kallo, hannu ya ƙi ka. In na juya baya, wuƙa ta ƙi ka. Ban bar maka ko ƙofa ɗaya da za ka fita ta ita ba, sannan na ce ba ka da albarka. Na dawo gida a ƙafa ranar, na ƙi hawa mashin, don ina tsoron wanda zan tsayar ya zama kai. Ka riƙe wannan: in aikin mutum ya yi ta ɓaci iri ɗaya, kullum a wuri ɗaya, ka karɓi kayan aikinsa ka riƙe yadda yake riƙewa kafin ka buɗe baki. Mai sakaci yau nan yake ɓatawa, gobe can. Naka kuskuren bai taɓa canja wuri ba, kuma da ina da ido da wannan kaɗai ya ishe ni.

Abin da ya dace in yi a ranar shi ne in jira ka a ƙofar gida in ce maka na gane. Ban yi ba. Wata huɗu ke nan. Kullum in ce gobe, goben ta zo in ga ka shigo a gajiye, ƙura da baƙin mai har wuya, sai girman kai ya ce mini yaya uba zai durƙusa wa ɗansa. A maimakon magana sai na ce bari in yi abin da na iya, in sa a ƙera maka wuƙa. Wannan ma wata hanyar guduwa ce, na sani. In ka ɓata wa mutum, ka je masa a ranar da ka gane, ko da hannu rabbana. Kowace rana ka ƙara, bakin yana ƙara nauyi.

Da takarda na fara. Na samo buhun siminti na yage, na kwantar da wuƙar kakanka na zana ta da gawayi, na juya takardar ta baya don komai ya koma hagu. Na ɗauka shi ke nan. Da na yanke siffar a jikin kwali na riƙe, sai na ga ba haka ba. Wuƙar kakanka don ƙirgin sirdi da manyan jakunkuna aka yi ta, faɗinta ya yi yawa ga aikin zamanin nan, alabe da maɗaurin agogo da jakar mata. Na rage faɗin, na ƙara wa ƙahon gaba tsini don ya shiga ƙananan lanƙwasa, na daddatse na baya don kada ya soki tafin hannu in ana fefe bakin fata. Kwali biyar na yanka kafin na shida ya kwanta mini. Bukar ya ce duk tsawon zamanmu bai taɓa ganin na yi haƙuri da wani abu haka ba. Kai ma duk abin da za ka shiga a can, fara gwada shi a inda gyara ke da sauƙi. An ce mini kawunka yana son ka shiga harkar shanu da shi. Ka bi shi kasuwa wata uku kana kallo kafin ka ce e ko a'a.

Sai batun ƙota, don ita ce ke sa wuƙa ta zama ta mutum ɗaya. Ina bukatar awon hannunka, ga shi ba na iya ce maka miƙo. Allah ya taimake ni da ƙazantarka. Ka san bangon nan kusa da duron ruwa, inda kake dafawa in ka gama gyaran mashin za ka wanke ƙafa. Tafinka na hagu yana nan da baƙin mai, yatsu biyar cif, innarka ta gaji da mita a kai. Wani hantsi bayan ka fita na je da igiyar fata ina aunawa, daga gindin tafi zuwa kan yatsan tsakiya, sannan faɗinsa. Ban ji zuwanta ba.

Ta ce, "Malam, me kake nema a bango?"

Na ce, "Tsagewa nake dubawa, kada damina ta kayar mana da shi."

Ta ce, "Tsagewa mai yatsu biyar?"

Na hau naɗe igiyar. Ta tsaya tana kallona, can ta ce, "Da ka kira shi ka auna na gaske, ai da ya fi sauƙi." Ta fi ni gaskiya, kamar kullum. Amma tun daga ranar ba ta sake cewa a goge bangon ba. Na gano tafinka ya fi nawa tsawo da kusan gaɓar yatsa guda. Ban san yaushe ka wuce ni ba.

Ƙarfen kuwa, kada ka raina shi don ba ya walƙiya. Ina saurayi na taɓa raina wuƙar kakanka saboda baƙinta, na je kantin Turawa na sayo wata mai sheƙi kamar madubi. Kwana uku na yi ina taƙama da ita a rumfa, a na huɗu bakinta ya naɗe a jikin ƙirgin bijimi, kakanka ya karɓe ta ya ba kakarka ta riƙa yankan kuɓewa. Saboda haka wannan karon na bar wa Bukar zaɓi. Muka je wurin masu tsoffin ƙarafa ya tono faifan zarto na injin tsaga katako, daga cikin injinan da suka rufe da crise ɗin nan. Duk tsatsa ne. Ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, ya ce wannan ya sha itacen kurmi shekaru bai karye ba, fata ba za ta ba shi tsoro ba. Mutanen da za ka haɗu da su a Ngaundere ma, ka fi kula da wanda aka daɗe ana aiki da shi a kan wanda ya iya shiga da fita.

Mun yi kwana biyu a maƙera. Ni ke jan zugazugi da hannun da bai gama warkewa ba, shi yana sara siffar da kurfi, yana bugu, yana gogewa da magagari. A rana ta biyu da safe innarka ta gaya mini saƙon kawunka ya iso, saura mako biyu ka tafi. Na je maƙera zuciyata tana tafasa. Aka kai wajen da za a ƙona ƙarfen ya yi ja a tsoma shi don ya yi tauri. Bukar ya ce irin wannan ƙarfe a mai ake tsoma shi, ba a ruwa ba, man kuma ya ƙare, sai gobe in ya karɓo wurin makanike. Na ce wace irin gobe, ga ruwa a duro. Ya ce a'a. Ya fita sayen goro, ni kuwa na ja zugazugi, na ɗauki awartaki, na ciro ta tana ja jawur na dulmiya a ruwa. Na ji ƙas, ƙaramin sauti, kamar an taka busasshen ganye. Da na ɗago, ta tsage daga tsakiyar baki har kusa da wuya.

Bukar ya dawo ya duba, ya duba ni. Ya ce, "Voilà. Abin da ka yi wa yaro, shi ka yi wa ƙarfe. Kai Sale, yaushe za ka yi hankali?" Shekarata sittin da ɗoriya, wani ƙato yana tambayata yaushe zan yi hankali. Wannan zafin zuciyar ina jin tsoron ka gaje shi, sai dai naka a ciki yake ci, nawa a waje. Shirun da ka yi mini na shekara biyu ma ai fushi ne, kada ka ce ban gane ba. In ranka ya ɓaci a gidan kawunka, kada ka yanke hukunci a ranar, kuma kada ka haɗiye shi shekara biyu. Ka kwana, ka wayi gari, ka je ka faɗa masa da ladabi.

Allah ya sa faifan zarton yana da saura. Muka sake daga farko, wannan karon na zauna a kan hannuwana. Ya tsoma ta a baƙin mai, hayaƙi ya turnuƙe mu, ta fito lafiya. Na ce to a wasa. Ya ce tukuna, yanzu ta yi tauri fiye da kima, in ta faɗi ƙasa fashewa za ta yi kamar tangaran. Ya goge fuskarta ta yi haske, ya ɗora ta nesa da garwashi, muka zauna muna kallo tana canja launi a hankali har ta zama kamar ɓawon albasa, sannan ya ɗauke. Ya ce haka ake sauke mata fushi. Ƙotar ni na fafe ta da kaina daga jan katakon nan da kafintoci ke yarwa, na yi ramin babban yatsa a gefen da naka zai kwanta, na sa mata zoben tagulla a wuya don kada ta tsage. Wasin ma ni na yi, kwana uku a kan dutse, a fuskar da ban taɓa wasa wuƙa ba.

Ga yadda za ka kula da ita. Kada ka wasa shafaffiyar fuskar, sai dai ka shafa ta sau biyu a kan fata don cire ƙaiƙayin baki. Kullum in ka tashi aiki ka goge ta da tsumma mai ɗan mai. Can arewa ba danshi kamar nan, tsatsa ba za ta dame ka sosai ba, amma iskar wurin tana busar da itace, in ka ji ƙotar ta fara motsi ka jiƙa ta da man gyaɗa ta kwana. Kada ka yanka a kan siminti ko ƙarfe, ka nemi katako mai laushi. Hannunka na dama yanzu shi ne mai danne fata, ka riƙa ajiye shi a bayan kaifi, kada ka yarda ya zo gabansa. Kada ka ara wa kowa ita, ko da yake ban ga wanda zai ara ya ji daɗinta ba. Ka ci da dama, ka gaisa da dama, ka miƙa wa manya abu da dama, mutanen can suna lura da wannan fiye da na Duwala. Ka kula da salla a kan lokaci, ka riƙa aiko wa innarka da labari ko layi biyu ne, don ita ba ta yi maka komai ba.

Ban ba ka wuƙar nan don in ɗaure ka da dukanci ba. Na ji ka gaya wa innarka kai da fata har abada, kuma ba ni da bakin da zan ce ka janye. In shanu suka karɓe ka, Allah ya sa albarka. In mashin za ka koma, Allah ya tsare. Amma Ngaundere garin shanu ne, fata tana nan kamar ƙasa, kuma ina so ko sau ɗaya a rayuwarka ka ja layi a kan ƙirgi, ka tura wuƙar da aka yi domin hannunka, ka ga abin da zai fito. Ni ban san abin da zai fito ba. Shekara tara kana gabana, ban taɓa ganin aikinka na gaskiya ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

To, yanzu kwance ƙunshin. Kafin ka zare wuƙar, duba kubenta. Da na gama wasi na ce bari in yi mata kube, kuma na rantse da ita zan yanka shi. Na riƙe ta da hannuna na dama, wanda ya shekara arba'in yana ciyar da gidan nan, na natsu iyakar natsuwata, na tura. Ka ga abin da ya fito. Bukar ya ce in jefar in sake wani da tsohuwar wuƙata, kada a ce Sale Baduku ne ya yi wannan. Na ce a'a, haka zan ɗinke shi. Juya shi ka duba bakin ta ƙasa, wajen lanƙwasa. Ka san wannan yankan. Wannan karon ni na yi shi, kuma ba wanda ya tsaya a kaina ya ce hannuna ba albarka.

Habibu, na zalunce ka, ka yafe mini. Maganar da na faɗa a rumfa ƙarya ce, na janye ta a gaban Allah. Hannunka mai albarka ne, duka biyun, Allah ya ƙara musu.

Gobe ba zan raka ka tasha ba, ka san ba na iya irin wannan tsayuwar, sai in kama yi wa masu ɗaukar kaya faɗa. Zan buɗe rumfa da wuri in zauna a bakin ƙofa. Hanyar tasha ta gabana ta bi. Ba sai ka tsaya ba, ba sai ka ce komai ba. In ka yafe, ka ɗaga mini hannu in za ka wuce, kowanne ka ga dama.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke ka lafiya, ya ba ka abin da za ka riƙe kanka da shi cikin mutunci. Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya sa mu sake ganawa da alheri.

Mahaifinka,
Sale Baduku